Tsadar Muhalli: Ina Kuɗin Gida Yake Tafiya, Me Ya Sa Albashi Ya Kasa Kamo Shi?

Ma'aunin da masana harkar gidaje suka fi amfani da shi mai sauƙi ne. A ɗauki farashin gida na tsaka-tsaki a gari, a raba shi da abin da iyali na tsaka-tsaki suke samu a shekara. Idan amsar ta tsaya a 3 ko ƙasa da haka, ana cewa gida yana sayuwa. Idan ta haura 5, an shiga matsi. A Ingila wannan lissafi, idan aka auna shi da albashin ma'aikaci, yana wajen 3.5 a shekarar 1997, zuwa 2021 ya kai wajen 9. Ma'ana ma'aikacin da a da zai haɗa albashin shekara uku da rabi cur ya mallaki gida, a 2021 sai ya haɗa na kusan shekara tara, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba. Akwai biranen da suka wuce haka nesa, irin su Hong Kong.

Na haya kuma ma'auninsa kashi 30 cikin 100 ne: iyalin da haya ko biyan bashin gida yake cinye fiye da wannan kaso na kuɗin shigarsu ana ƙirga su cikin masu ɗauke da nauyin da ya yi musu yawa, idan ya kai rabi kuwa abin ya yi tsanani. Wannan adadi daga dokokin Amurka ya samo asali, inda a 1969 aka ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25 na samun mutum, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Yana da amfani, amma yana da rauni babba, domin bai san bambancin mai kuɗi da talaka ba. Mai samun 10,000 a wata, a kowane irin kuɗi ne, idan ya ba da kashi 40 ga gida saura 6,000 a hannunsa. Mai samun 500 ko kashi 25 kawai ya bayar, abin da ya rage masa 375 ne, a cikinsa zai ci abinci, ya biya kuɗin makaranta, ya sayi magani. Don haka tambayar da ta fi dacewa ita ce me ya rage bayan an biya gida, kuma ragowar tana isa a rayu ko ba ta isa.

Fili ne ya yi tsada fiye da gini

Duk gida abu biyu ne a haɗe, ginin da kuma ƙasar da yake kai. Gini tsufa yake yi. Rufi yana yoyo, bango yana tsagewa, bututun ruwa yana tsatsa, kuma kowace shekara darajarsa raguwa take yi idan ba a kashe masa kuɗi ba, kamar mota. To me ya sa tsohon gida mai shekara arba'in yake ninka kuɗinsa? Ƙasar ce take tashi. Wani bincike da ya bi farashin gidaje a ƙasashe 14 masu arziki tun daga ƙarni na 19 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na hauhawar da aka samu bayan Yaƙin Duniya na Biyu daga tsadar fili ta zo, sauran ne na gini.

Kuma idan aka ce fili, wuri ake nufi. Ƙasa ba ta ƙare a duniya ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne fulotin da yake kusa da aiki, kusa da asibiti da makaranta, wanda titi ya kai, ruwa ya kai, wuta ta kai. Japan misali ce bayyananniya: ƙidayar gidaje ta 2023 ta samu kusan gidaje miliyan 9 babu kowa a ciki, da yawa daga cikinsu a ƙauyuka da ƙananan garuruwan da matasa suka bari, a lokaci guda kuma jama'a suna tururuwa zuwa Tokyo. Gidan da babu hanyar abinci kusa da shi, ko kyauta aka bayar ba kowa zai karɓa ba.

Tun wajen 2007 fiye da rabin mutanen duniya a birane suke zaune, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne zuwa 2050 za su kai kashi 68 cikin 100. Bayan wannan akwai abin da ba a cika lura da shi ba, wato ƙanƙancewar iyali. Mutum miliyan ɗaya idan suna zaune biyar-biyar, gida 200,000 ya ishe su. Idan suka koma huɗu-huɗu, sai an nemi 250,000, alhali ko mutum ɗaya bai ƙaru ba. Jinkirin aure, rabuwar aure, tsofaffi masu daɗewa a duniya suna zaune su kaɗai, duk suna ƙara buƙatar ɗakuna ba tare da ƙidaya ta nuna ƙaruwar jama'a ba.

Me ya hana a yi ta gini?

A kasuwar takalmi idan farashi ya tashi, masana'anta sai su ƙara ɗinki, cikin 'yan watanni kaya su cika kasuwa. Gida ba ya amsa kira da wannan saurin, kuma a wurare da yawa doka ce ta ɗaure masa ƙafa.

Lissafin mai gina gidajen sayarwa daga ƙarshe yake farawa. Zai ƙiyasta nawa zai sayar da gidajen, ya cire kuɗin kayan gini da na ma'aikata, ya cire kuɗin ruwan bashin da ya ci, da kuɗin takardun izini, da na masu zane da lauyoyi, ya cire ribarsa, wadda a ƙa'idar sana'ar take tsakanin kashi 15 zuwa 20. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da zai iya biyan mai fili. Idan mai fili ya ƙi sallamawa a haka, ba za a yi ginin ba ko da mutum dubu suna neman wurin kwana.

A nan ne dokar tsara gari take shigowa. Mu ce fuloti ya kai 200,000. Idan doka ta ce gida ɗaya tak za a gina a kai, wannan gida shi zai ɗauki 200,000 ɗin gaba ɗaya kafin a aza bulo ko ɗaya. Idan aka yarda a yi bene mai ɗauke da gidaje takwas, kowanne 25,000 ya hau kansa. Gaskiya ne da zarar an ba da wannan izini kuɗin fulotin zai ɗan tashi, amma da wuya ya tashi ninki takwas, musamman idan iznin ya game gari ne ba fuloti ɗaya ba. Dokokin da suke hana wannan suna da yawa: mafi ƙarancin faɗin fuloti, iyakar tsawon gini, tazarar da dole a bari daga titi, da tilasta ware wurin ajiye mota ga kowane gida. Wurin mota ɗaya tare da hanyar shiga da fita yana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, wato girman ƙaramin ɗaki da falo. A manyan biranen Amurka da dama, yawancin ƙasar da aka ware don zama doka ba ta yarda a gina komai a kai ba sai gida ɗaya na iyali ɗaya. Ingila kuma tun dokar 1947 kusan kowane gini sai ya nemi izini na musamman, ga kuma filayen da aka kewaye birane da su aka hana gini a kai.

Jinkiri shi ma kuɗi ne, kuma wannan ne jami'an da fayil yake kwana a teburinsu ba sa gani. Wanda ya ci bashin 500,000 a kan ruwan kashi 10 a shekara don sayen fili da fara aiki, kowace shekarar jira tana cinye masa 50,000. Shekara biyu yana zirga-zirgar neman sa hannu, 100,000 ta tafi. Idan gidaje takwas zai gina, kowane mai saye an ɗora masa 12,500 na zaman jira kawai. Ƙananan magina ba sa iya jure wannan, sai su fita daga harkar, a bar manyan kamfanoni kaɗai, su kuma ba sa sakin gidaje kasuwa da yawa a lokaci ɗaya don kada farashi ya karye musu.

Tokyo ta nuna ɗaya ɓangaren. A Japan dokar tsara gari ta ƙasa baki ɗaya ce, da rukunoni goma sha kaɗan, kuma wanda zanensa ya cika sharuɗɗa yana samun izini ba tare da maƙwabta sun iya tare shi ba. Birnin ya yi shekaru yana ƙara jama'a yana kuma ƙara gidaje, haya ba ta yi irin tashin da ta yi a Landan ko New York ba. Birnin Auckland na New Zealand ya sassauta doka a 2016 a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama, kuma izinin gini ya ƙaru sosai a shekarun da suka biyo baya.

Kayan gini da ma'aikata su ma sun yi tsada, ba a musun wannan. Siminti da rodi da gilashi duk da wuta mai yawa ake sarrafa su, don haka duk lokacin da makamashi ya tashi sai su bi shi. A watan Mayun 2021 katako a kasuwar Amurka ya ninka farashinsa na da fiye da sau uku. Ƙasar da take shigo da kayan gini daga waje kuwa, faɗuwar darajar kuɗinta kai tsaye take shiga cikin kuɗin rufi da tayil da wayar lantarki. Sannan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 ya kori magina da kafintoci masu yawa daga sana'ar a Amurka da Sifaniya da Ireland, da dama ba su dawo ba, aka yi shekara goma ana gina ƙasa da abin da ake buƙata. Wannan giɓin har yanzu ba a cike shi ba.

Bashi da kuɗin ruwa

Mutane ƙalilan ne suke sayen gida da tsabar kuɗi a inda bankuna suke ba da bashin gida. Mai saye ba farashin gida yake kallo ba sosai, abin da zai riƙa biya a wata yake kallo. Wannan ne ya sa kuɗin ruwa yake juya farashin gidaje fiye da yadda ake zato.

Bashin 100,000 na shekara 30 a kan ruwan kashi 3, biyansa a wata 422 ne. A kan kashi 7, ya zama 665. A juya lissafin: mai iya biyan 665 a wata, idan ruwa yana kashi 3, banki zai ba shi kusan 158,000. Albashinsa bai ƙaru ba, amma ƙarfin tayinsa ya ƙaru da fiye da rabi. Matsalar ita ce duk sauran masu neman gidan su ma haka ƙarfinsu ya ƙaru. Idan yawan gidajen bai canza ba, ƙarin kuɗin gaba ɗaya a aljihun mai sayarwa yake ƙarewa. Abin da ya faru ke nan daga 2009 zuwa 2021, lokacin da manyan bankunan ƙasashe masu arziki suka riƙe kuɗin ruwa kusa da sifili a mafi yawan waɗannan shekarun.

Sai aka juya. Daga watan Maris na 2022 zuwa Yulin 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5, ruwan bashin gida na shekara 30 ya tashi daga ƙasa da kashi 3 a 2021 zuwa kusan 8 a watan Oktoban 2023. Da yawa sun sa ran farashi zai faɗi warwas. Bai faɗi haka ba, domin masu gidajen da suka ƙulla bashinsu a kashi 3 sun ƙi sayarwa, tunda sayarwa tana nufin cin sabon bashi a kashi 7. Gidajen da ke kasuwa suka ragu. Sabon mai saye ya samu kansa gaba kura baya siyaki, ga farashi a sama, ga ruwa a sama.

Akwai wani abu game da bashin gida da ya kamata kowa ya fahimta kafin ya sa hannu. A wancan bashi na kashi 7, daga cikin 665 na watan farko, 583 ruwa ne, 82 kacal ne ya rage uwar kuɗi. Bayan shekara goma mutum ya biya kusan 79,800, amma har yanzu ana bin sa kusan 85,800. Idan ya kai ƙarshen shekara talatin, jimillar abin da ya biya ta kusa 240,000. A ƙasashen da hauhawar farashi take da ƙarfi abin ya fi muni: a kan ruwan kashi 20 na shekara 15, wannan 100,000 biyansa a wata ya haura 1,750. Shi ya sa a irin waɗannan ƙasashe bashin gida suna ne kawai, mafi yawan jama'a ba su taɓa kusantarsa ba. Waɗanda suke guje wa riba suna da tsare-tsaren bankin Musulunci, kamar murabaha, inda banki yake sayen gidan ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya a hankali, ko musharakar da rabon banki yake raguwa, inda mutum yake biyan haya a kan kason banki yana kuma sayen kason sannu a hankali. Waɗannan sun warware matsalar hukunci, sai dai ba su rage farashin gidan ba, don haka nan ma dole a nemi a rubuta jimillar abin da za a biya daga farko zuwa ƙarshe.

Kafin-alƙalami kuwa, shi ne katangar da take tare yawancin matasa. A ce iyali suna samun 20,000 a shekara, gida yana 120,000, banki yana neman kashi 20, wato 24,000. Idan suna tara kashi 10 na samunsu, 2,000 a shekara, shekara 12 za su yi. Amma idan gidaje suna tashi da kashi 5 a shekara, a shekarar farko kaɗai abin da ake nema ya ƙaru da 1,200, wato daga 2,000 ɗin da suka tara, 800 ne kawai ya matsar da su gaba. Bayan shekara 12 gidan ya kai kusan 215,000, kafin-alƙalamin ya zama 43,000. Duk wannan lokaci kuma suna biyan hayar da ita ma tashi take yi. Wanda iyayensa suke da gida za su iya jinginar da shi ko su tallafa masa ya tsallake katangar, wanda iyayensa 'yan haya ne ya tsaya a baya. Ta haka tsadar gida take mayar da bambancin arziki abin gado, kuma a ganina wannan ita ce illarta mafi girma, fiye da ƙuncin wata-wata.

Gida a matsayin jari

Ana so gida ya yi aiki biyu da ba sa jituwa. Ana so ya zama mai sauƙin kuɗi ga mai shigowa, ana kuma so ya riƙa ƙara daraja ga wanda ya riga ya mallaka. A ƙasashe da yawa masu gida sun fi 'yan haya yawa, sun fi su fitowa zaɓe, sun fi su halartar zaman sauraron ra'ayi a kan sabon gini a unguwa. Ɗan siyasa zai yi alƙawarin gidaje masu sauƙi, amma da wuya ka ji ya ce yana so farashin gidaje ya sauka da kashi 20, domin wannan asara ce kai tsaye ga masu zaɓensa da kuma bankunan da suke riƙe da gidajen a jingina.

Masu zuba jari, da gidajen da ake ba baƙi haya na kwana biyu ko uku ta manhajoji irin Airbnb, da masu saye daga ƙasashen waje, duk suna ƙara matsi, musamman a tsakiyar biranen yawon buɗe ido. New York ta tsaurara doka a kan irin wannan haya a watan Satumban 2023, Basilona ta sanar a 2024 cewa za ta soke lasisin gidaje kusan 10,000 nan da 2028, Kanada ta hana 'yan ƙasashen waje sayen gidaje daga Janairun 2023. Matakai ne masu ma'ana, amma kada a ɗora musu abin da ba za su iya ba. Mai jari yana zuwa ne inda ya ga ƙaranci, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Inda ake gini isasshe, ajiye gida don jiran ya yi tsada ba kasuwanci ne mai riba ba. China ta nuna ƙarshen wannan hanya ta wata fuskar, inda iyalai suka zuba ajiyarsu a gidajen da ba a ma gama ginawa ba, har kamfanin gina gidaje na Evergrande ya durƙushe a 2021 da bashin da ya haura dala biliyan 300.

Magungunan da aka gwada

Mafi farin jini a wurin gwamnatoci shi ne tallafa wa mai saye da rangwamen haraji ko bashin kafin-alƙalami, kamar shirin da Birtaniya ta fara a 2013. Yana da daɗin sanarwa, amma cutarsa ɗaya da ta sauƙin kuɗin ruwa: an ƙara wa masu taya kuɗi, ba a ƙara gidaje ba, inda gini yake da wuya tallafin sai ya narke cikin farashi.

Ƙayyade haya yana kare wanda yake cikin gida, kuma wannan kariya ce ta gaske ga tsohuwar da ba za ta iya tashi daga unguwar da ta yi shekara talatin ba. Illarsa tana faɗawa ne kan wanda bai samu shiga ba. Da San Francisco ta faɗaɗa dokar a 1994, bincike ya nuna masu gidajen da dokar ta shafa sun rage gidajen hayarsu da kashi 15 cikin 100, wasu sun sayar, wasu sun rushe sun sake gini. A Stockholm ana jiran layin gidan haya mai ƙayyadadden kuɗi na tsawon shekaru, a tsakiyar birni fiye da goma. Berlin ta daskarar da haya a 2020, kotun tsarin mulki ta soke dokar a watan Afrilun 2021. Tsarin da ya fi ɗorewa shi ne wanda yake iyakance ƙarin shekara-shekara, yake hana korar ɗan haya ba dalili, yake kuma barin sababbin gine-gine a waje don kada a kashe gwiwar masu gini.

Inda aka ga nasara mai tsawo, gwamnati ce ta riƙe ƙasa da kanta. Singafo ta kafa hukumar gidajenta a 1960, ta mallaki mafi yawan ƙasar tsibirin, tana gina benaye tana sayar wa 'yan ƙasa a kan yarjejeniyar shekara 99, kuma tun 1968 an yarda ma'aikaci ya biya daga asusun ajiyarsa na tilas. Kusan mutum takwas cikin goma na mazauna ƙasar a irin waɗannan gidaje suke. Birnin Vienna yana da gidaje kusan 220,000 mallakinsa, ya fara gina su tun shekarun 1920, bai kuma sayar da su ba, saɓanin Ingila da ta sayar da kusan miliyan biyu na gidajen ƙananan hukumomi bayan dokar 1980 ba tare da ta maye gurbinsu ba. A Vienna masu matsakaicin samu ma suna zama a ciki, shi ya sa unguwannin ba su zama matattarar talauci ba.

Gini da yawa kaɗai ma bai isa ba idan an yi shi a inda bai dace ba. Meziko a shekarun 2000 ta gina ɗimbin ƙananan gidaje a filaye masu arha nesa da birane, babu isasshen ruwa, babu motar haya, babu aiki. Dubban ɗaruruwa daga cikinsu masu su suka kulle suka tafi.

Lissafin da iyali za su yi kafin su ɗauki nauyi

Kuɗin gida da kuɗin mota a haɗa su wuri ɗaya. Gidan da ya fi arha da 150 a wata amma ya ƙara 200 na sufuri da awa biyu a hanya kullum, an gudu ne ba a tsira ba. Masana suna ba da shawarar kada su biyun su wuce kashi 45 na samun iyali.

Mai saye ya sani farashin da aka faɗa masa ba shi ne ƙarshe ba. Harajin canja suna, rajista, lauya, la'adar dillali da mai duba lafiyar gini suna iya ƙara kashi 3 zuwa 10 ko fiye, gwargwadon ƙasa. Bayan an shiga, a ware kashi 1 zuwa 2 na darajar gidan kowace shekara don gyara, ban da inshora da harajin gida. Saboda waɗannan kuɗaɗe, wanda ba shi da tabbacin zai zauna aƙalla shekara biyar a wuri, sau da yawa haya ta fi masa. Idan ruwan bashin mai canzawa ne, a sake lissafin da ƙarin kashi 3 a kai, a ga ko har yanzu ana iya biya da albashin mutum ɗaya idan ɗayan ya rasa aiki. Rashin yin wannan gwajin ne ya raba miliyoyin iyalai da gidajensu a Amurka bayan 2007, lokacin da rangwamen shekaru biyun farko ya ƙare, biyan wata ya yi tsalle, darajar gidan kuma ta faɗi ƙasa da bashin da ake bin su.

Mafi yawan mutanen duniya da ba su da hanyar banki kaɗan-kaɗan suke gini, kuma hanya ce mai kyau idan an bi ta da tsari. Kafin a biya ko sisi na fili, a je ofishin rajistar ƙasa a tabbatar sunan mai sayarwa ne a kan takarda, babu jingina, babu shari'a, ba a ware wurin don titi ko layin wuta ba, sannan safiyo ya auna ya kafa alamun iyaka. A zagaya wurin lokacin damina, domin filin da ya yi arha ba dalili sau da yawa hanyar ruwa ce. Zanen gidan a yi shi cikakke tun farko ko da ɗaki biyu za a fara, saboda harsashin da aka yi don gidan ƙasa ba zai ɗauki bene ba, kuma ƙarfafa shi daga baya ya fi yin sa tun farko tsada. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a buɗe gini mai faɗi a kai shi linta kuɗi su ƙare: bango ya sha ruwan shekara uku, rodin da aka bari a waje ya yi tsatsa, sai an dawo ana biyan kuɗin aikin da aka riga aka biya. Gara a kammala ɓangare ƙarami har rufi da ƙofa a shiga, kuɗin hayar da aka daina biya ya koma sayen bulo. Siminti ba a tara shi, bayan wata uku ƙarfinsa yana raguwa, idan danshi ya taɓa shi ma kafin haka, wanda yake so ya adana kuɗinsa a kaya ya sayi rodi ko kwano ya ajiye a rufe. Kankare kuma yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28, don haka kada a yarda magini ya cire katakon da ya tallafe rufin kankare da wuri don yana sauri ya koma wani aiki. A kan duk ƙiyasin da aka kawo, a ƙara kashi 10 zuwa 15 na abin da ba a hango ba, a kuma biya ma'aikata mataki-mataki bayan an duba aikin, ba gaba ɗaya a farko ba.